Niyya, Asali Da Auren Bazawara: Leƙe Cikin Shari'ar Yahudawa

A zangon karatun da ya wuce, a kwas ɗin fassara, an ba mu aiki cewa kowa ya nemo rubutu a kan al'ada ko addinin wata al'umma ta nesa ya mayar da shi Hausa. Ni sai na ɗauko wani bayani a kan dokokin ibada da na aure na Yahudawa. Abokin ɗakina da ya leƙa takardata sai ya ce, "Kai Bafillace, duk rubuce-rubucen duniya ka rasa abin fassarawa sai na Yahudu?" Ban ga laifinsa ba, domin a bakin mutanenmu kalmar Bayahude ta daɗe da zama zagi, ana jefa wa marowaci ko mai makirci ba tare da an taɓa ganin Bayahude ko ɗaya da ido ba. Amma ɗalibin harshe ba ya zaɓar abin da zai fassara da son zuciya, kuma aikin ya tono mini wani abu na gidanmu wanda na daɗe ina haɗiyewa. Shi ne dalilin wannan rubutu.

Fulatanci na sha a nono. Hausa kuwa a allo na same ta, a Azare, ina ɗan shekara bakwai, bayan an kawo ni daga rugarmu ta wajen Gadau. Wataƙila shi ya sa nake tsayawa a kan kalmomin da ɗan gida yake wucewa bai kula ba. Ɗauki niyya. Hausa ta aro ta daga Larabci har sau biyu: akwai niyya, wadda ake ɗaurawa kafin alwala ko azumi, akwai kuma aniya, wadda ta shigo tare da harafin Larabci na gaba, ita ce ake nufi idan aka ce wa mugu aniyarka ta bi ka. Mu ma a Fulatanci anniya muke cewa. To, kalmar farko da ta tsayar da ni a aikin fassarar ita ce kawwana, ta Ibrananci, wadda tushenta yake nufin fuskantar da abu zuwa wani waje, kamar yadda maharbi yake saita kibiya. Nan take na rubuta niyya, kuma har yanzu ban yi nadama ba, sai dai da na ci gaba da karatu na ga lallai sun yi wa kalmar tasu zurfin bincike irin wanda malamanmu suka yi wa tamu.

Yahudawa suna kiran shari'arsu Halaka, daga kalmar da take nufin tafiya, wato hanyar da ake bi, kusan dai yadda asalin kalmar shari'a yake nufin hanyar zuwa mashaya. Bayan Attaura, ginshiƙinta shi ne wani kundi mai suna Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya a ƙarƙashin wani malami, Yahuda Hanasi, sai kuma Talmud, wato doguwar muhawarar malamansu a kan Mishna, wanda mafi shahararsa a ƙasar Iraƙi aka kammala shi ƙarni uku zuwa huɗu bayan haka. Wanda ya saba zama a zaure ana jan Risala ko Muhtasar ba zai ji baƙunta ba idan ya ga yadda suke kawo mas'ala, su ƙirƙiro misali, su juya shi ta kowace fuska.

Ga misalin da ya fi burge ni. A ranar sabuwar shekararsu wajibi ne mutum ya ji busar ƙahon rago, wanda suke kira shofar. Mishna ta kawo mutumin da yake wucewa ta bayan majami'a, ko wanda gidansa yake jikinta, sai ya jiyo busar. Shin ya sauke farali? Amsar ita ce, in ya fuskantar da zuciyarsa ya sauke, in bai yi ba bai sauke ba. Mutum biyu, kunne iri ɗaya, sauti ɗaya, amma ɗaya ya yi ibada, ɗayan kuwa ƙara kawai ya ji. Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. A cikin Talmud an kawo wanda aka tilasta wa cin gurasa marar yisti a daren Idin Ƙetarewa, aka ce ya sauke farali duk da bai nufa ba, har wani babban malaminsu na Iraƙi a ƙarni na 4, mai suna Rava, ya fahimci cewa aikin umarni ba ya buƙatar niyya. An daɗe ana wannan ja-in-ja kafin Yusuf Karo, a littafinsa Shulhan Aruk wanda aka buga a Banis ta ƙasar Italiya a 1565, ya rinjayar da cewa niyyar wajibi ce.

Mai karatu, ashe ba ka taɓa jin irin wannan saɓani ba? Yaro ya faɗa kogin Jama'are da rana tsaka a watan bazara don ya sha iska, ruwa ya game jikinsa duka. Bahanafe zai ce wankansa ya yi, domin ruwa mai tsarkakewa ne ko an nufa ko ba a nufa ba. Bamalike zai ce sam, babu niyya, ga shi ma bai cuɗa ba. Mu da aka yaye mu da Ahalari da Ishmawi mun san niyya ita ce ta farko a farillan alwala, kuma wurinta zuciya, ba sai an furta ba. Mun kuma san a mazhabarmu niyya ɗaya a daren farko ta isar wa azumin Ramalana duka, alhali Shafi'awa kowane dare suke sabuntawa. Ba na cewa wani ya kwafa daga wani. Abin da na sani shi ne an zauna tare. Musa ɗan Maimun, wanda Turawa suke kira Maimonides, a Ƙurɗuba aka haife shi, ya zauna a Fas cikin Malikawa, ya rasu a Masar a 1204, kuma yawancin littattafansa da Larabci ya rubuta su, da haruffan Ibrananci, wato irin ajaminsu ke nan. Shi ne ya hukunta cewa addu'ar da babu halartar zuciya a cikinta ba addu'a ba ce. Kafin shi, a ƙarni na 11, wani Bayahuden Andalus, Bahya ɗan Faƙuda, ya rubuta littafi sukutum da Larabci a kan farillan zukata, har da babi guda a kan ihlasi.

Niyya a wajensu tana iya ɓata aiki kamar yadda take gyara shi. Lokacin da Haikalinsu na Ƙudus yake tsaye, kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70, idan mai yankan hadaya ya ƙudurta cewa za a ci naman bayan lokacin da aka iyakance, to hadayar ta ɓaci tun daga nan, ko da daga baya an ci naman a kan kari. Haka takardar saki, wadda suke kira get: dole a rubuta ta da nufin wannan miji da wannan mata. Da mutum zai tsinci takardar da aka rubuta wa wasu masu suna iri ɗaya da nasa da na matarsa, ba za ta yi masa aiki ba. A nan kam namu ya fi saurin fita, tun da lafazin saki bayyananne yana aukuwa ko da wasa aka furta shi, sai a kinaya ne ake komawa a tambayi mutum abin da ya nufa. Ko wannan sauƙin yana da hannu a yawan zawarawanmu, na bar wa 'yan sashen nazarin zamantakewa.

To, sai na iso babin kohen, inda fassarar ta ba ni wuya. Kohen shi ne namijin da nasabarsa ta wajen uba take komawa ga Annabi Haruna, kuma su ne masu hidimar Haikali a da. Sunayen dangi irin su Cohen da Katz da muke gani a jaridu daga nan suka samo asali. Da me zan fassara shi? Liman bai dace ba, domin limanci ilimi ne da yardar jama'a, ko da yake a garuruwa da yawa gida ɗaya ne yake riƙe da shi. Wani ɗan ajinmu mai Larabci ya ce in rubuta boka, tun da kahin na Larabci da kohen tushensu ɗaya. Gaskiya ne tushen ɗaya ne, amma ma'anar ta raba hanya tun da daɗewa, kuma da na bi shawararsa da na yi wa mutane ƙazafi da alƙalami. Littafi Mai Tsarki na Hausa firist ya ce, har littafi na uku na Attaura ana kiran sa Littafin Firistoci, sai dai ɗan Azaren da bai taɓa shiga coci ba ba zai gane ba. A ƙarshe na bar kohen yadda yake, na yi masa bayani.

A babi na 21 na wannan littafi ne dokar auren take. An hana kohen auren macen da aka saka, da wadda ta yi karuwanci, da wadda aka haifa ta haramtaccen auren wani kohen. Shugabansu kuwa, wato babban kohen, budurwa kaɗai aka yarje masa. Daga baya malamansu suka fassara hanin har ya haɗa da macen da ta shigo addinin daga waje. Nan ma Hausa ta so ta yaudare ni. Na rubuta cewa kohen ba ya auren bazawara, sai na ga na yi kuskure, domin bazawara a Hausa ta haɗa wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu, alhali kohen na gama-gari yana iya auren ta biyun. Dole na koma ga sakakkiya, kalmar da take da ɗan kaushi a kunne. Dokar tana da tsanani har ta kai cewa kohen da ya saki matarsa da kansa ba shi da damar mayar da ita. Babu kome, babu biko bayan takarda ta fita.

Abin lura shi ne, duk darajar da suka ba niyya, a wannan babi ba ta da ta cewa. Zuciyar kohen ta yi fari kamar madara, matar kuma a ce zalunci aka yi mata aka sake ta, hukuncin bai canja ba. Idan ya ƙi ji ya aure ta, auren ya ɗauru, amma muddin suna tare ya rasa alfarmarsa: ba a fara kiran sa karatun Attaura a majami'a, ba ya tashi ya sa wa jama'a albarka, 'ya'yan da za su haifa kuma sun fita daga matsayin kohen. A ƙasar Isra'ila, inda auren Yahudawa yake hannun hukumar malamai, ba a ɗaura irin wannan aure, sai masoya su ƙetara waje, galibi tsibirin Saifurus. Haim Cohn, alƙalin Kotun Ƙolinsu, sai da ya je Amurka a 1966 kafin ya auri sakakkiyar da yake so. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba: ɓangaren masu sassauci sun ajiye batun kohen tun ƙarni na 19, ɓangaren masu matsakaicin ra'ayi na Amurka kuma a 1996 suka yarje wa malamansu ɗaura irin wannan aure, masu riƙon gargajiya kuwa suna nan a kan bakansu.

Ina cikin wannan aiki ne hankalina ya koma gida. Ina da yaya, 'yar baffana, wadda aurenta na fari ya mutu tana da shekara 24 da ɗa guda. Ba zan faɗi sunanta ba. Wani saurayi ɗan gidan malamai ya fara nuna yana so, mahaifiyarsa ta ce ɗanta bai taɓa aure ba, ba zai fara da ragowar wani ba. Aka wuce wannan. Bayan shekara guda wani ya fito daga Azare, malamin firamare, mai salla, wanda duk unguwa aka shaide shi da kirki, ita ma tana son sa. Da aka yi bincike sai aka gano kakansa maƙeri ne, mahaifinsa ma ya taɓa zama a maƙera kafin ya koma tireda. Aka yi ta ja masa rai wata huɗu, sannan aka aika masa cewa an yi istihara ba a ga alheri ba. Ina zaune a bakin zaure ranar da aka yanke wannan shawara, kuma ban ji an ambaci istihara ba sai da aka zo neman abin da za a gaya wa ɗan aike. Abin da na ji goggona ta ce shi ne, "Mu rimɓe ne, ba ma haɗa jini da maƙera." Rimɓe a harshenmu 'ya'ya ke nan, waɗanda ba su da tabon bauta ko na sana'ar da ake rainawa.

Yanzu a gwada wannan da dokar kohen. Ba yabon ta nake yi ba. Tana da ɗaci, kuma macen da aka ƙi saboda an taɓa sakin ta zafi ɗaya take ji, a Tel Abib take ko a Itas. Amma tasu a rubuce take, da babi da aya, kowa ya san iyakarta tun kafin zuciya ta kamu. Kuma nauyinta a wuyan mai asalin yake: shi aka taƙaita wa zaɓi, shi zai sauka daga matsayinsa in ya ƙetare. Sakakkiya a cikinsu tana iya auren duk wani Bayahuden da ba kohen ba, kuma su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba. Tamu fa? Ba a rubuce take ba, saboda haka ba ta da iyaka: yau maƙeri, gobe mahauci, jibi wanzami ko maroƙi ko wanda aka ce kakan kakansa a rinji aka haife shi. Mai asalin kuwa ba ya asarar komai. Ɗan gidan sarauta ko na malamai zai iya ɗauko 'yar mahauci ta uku ko ta huɗu, a ce ya yi taimako. Sai in ɗan mahaucin ne ya ɗaga ido ya dubi 'yarsu ake tuna asali.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rigar addinin da ake sa wa abin. Ƙasar Katagum ƙasar tuta ce. Malam Zaki daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓo ta, kuma tun kafin a mayar da fadar Azare a 1916 har zuwa yau littattafan Malikiyya ake ja a zaurukanmu. To, a cikin mazhabobi huɗu, Malikiyya ce ta fi sassauci a batun kafa'a, wato dacewar miji da mata. Hanafawa da Shafi'awa suna duba nasaba da sana'a. Muhtasar na Halilu kuwa addini ya ambata da hali, wato kuɓuta daga aibin jiki da ake mayar da aure saboda shi. Hujjojin ma ba ɓoyayyu ba ne. Faɗimatu 'yar Ƙaisu Baƙuraisha ce, sakakkiya kuma, Annabi (SAW) ya ba ta shawarar auren Usamatu ɗan Zaidu, wanda mahaifinsa 'yantaccen bawa ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an umarci Banu Bayala su yi auratayya da Abu Hindin, wanda sana'arsa ƙaho ce, wato wanzami ke nan a Hausance. Batun ragowar wani kuwa, duk matan Annabi (SAW) in ban da Nana A'isha sun taɓa aure kafin shi. Bayahude mai bin dokar kohen littafinsa yake bi. Mu namu littafin ya buɗe ƙofa, mu ne muka sa mata sakata, sannan muka jingina abin ga istihara.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa. Wani ɗan ajinmu daga Shira ya ce aure ba na mutum biyu ba ne, dangi ne suke haɗuwa, kuma uba yana da haƙƙin duba inda zai kai 'yarsa don kada a riƙa yi wa jikokinsa gori a dandali. Na yarda da rabin maganarsa. Gorin gaskiya ne, na ji ana yin sa, kuma waliyyi yana da haƙƙinsa wanda ban isa in ƙwace ba. Amma masu gorin su wane ne in ba mu ba? Kuma bazawara a fiƙihun da muke karantawa ba a aurar da ita sai da izininta na baki, domin ta san abin da take so fiye da budurwa. Idan har za a hana ta wanda ta zaɓa, mafi ƙarancin adalci shi ne a gaya mata da shi ainihin dalili, a ce al'adarmu ce ba ta yarda ba, don a san da wa ake jayayya. Al'ada ana iya zama a tattauna ta, a sassauta, kamar yadda wasu Yahudawan suka zauna a kan tasu dokar a 1996. Istiharar ƙarya kuwa ta rufe bakin kowa, domin babu mai cewa a sake duba abin da aka ce Allah ne ya nuna. Mu ne muke koya wa yara hadisin farko na Arba'una, wanda yake magana a kan niyya, tun ba su iya ɗaura wando ba. Ina so in san wace niyya aka ɗaura a zauren nan lokacin da ake shirya wa ɗan aike abin da zai faɗa.

A 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta aurar da zawarawa 100 a rukunin farko na auren gata, aka yi ta yabo a rediyo, har a gidanmu an saurara an sa albarka. Gwamnati tana iya sayen gado da katifa, amma ba gado ne ya hana yayata aure ba.

Malamin firamaren ya yi aurensa bara. Yayata tana nan gidan Baffa, tana dama fura, ɗanta ya shiga aji biyu. Aikin fassarar an dawo mini da shi, malam ya zagaye sakakkiya da jan biro ya rubuta a gefe cewa in nemi wadda ta fi ta laushi, kuma har yau ban samo ba. Hutun da ya wuce na ɗauki Risala na je na zauna kusa da Baffa bayan la'asar, da nufin in buɗe babin aure in roƙe shi ya ja mini. A wajenmu ɗa ba ya duban idon ƙanin ubansa ya yi masa gyara, saboda haka dabarar da na ga ta rage mini ke nan. Ya karɓi littafin ya juya shi, ya ce, "Ashe 'yan boko ma kuna taɓa wannan?" Na ce, "Muna ɗan taɓawa, Baffa." Ya tambaye ni wane babi. Sai na ji bakina ya ce babin azumi.